Gahawar Gwaggo da Kalmar Citta

Teburin shayi nake da shi a Gashuwa, gefen inda motocin Nguru suke lodi. Na daɗe a wurin, tun kafin in yi furfura. Shayi nake sayarwa da burodi da ƙwai, sai kofin leda, irin wanda ake yagewa a juye a ruwan zafi, madara da sukari duk suna ciki. Direbobi suna shansa don ya buɗe musu ido. Ban taɓa jin wani ya sha ya yaba ba.

Gahawar da ake yabo tana Nguru, a gidan gwaggona, yayar mahaifina. Mu Badawa ne, amma mijinta, Allah ya jiƙansa, Babarbare ne mai fataucin fata, kuma a wurin mahaifiyarsa ta koyi haɗa garin gahawa. Ba ta taɓa kai shi kasuwa ba. Idan za a yi suna ko biki a unguwarsu, sai mata su kawo mata ɗanyun 'ya'yan gahawa, ta haɗa musu. Garin nata ja ne mai duhu. Idan ka kurɓa, ɗaci ne yake fara zuwa, ba mai yawa ba, sai wani zaƙi ya biyo daga can baya, ƙamshin kuma ya zauna a hanci har bayan an ɗauke finjali. Ba ya ƙona maƙogwaro. Tun ina yaro nake shansa duk lokacin da muka je gaishe ta, ban taɓa tambayar abin da ke ciki ba.

A shekarar da nake ba da labari hannunta ya fara rawa, har ba ta iya riƙe ludayi a kan kasko. Kunnenta ma ya yi nauyi. 'Yarta da ke aure can bayan Machina, a tsallaken iyaka, ta aiko cewa da an gama kaka za ta zo ta ɗauke ta. Babu wanda ya koyi haɗin. Matar ɗanta da suke zaune tare ta ce hayaƙin suyar yana sa mata ciwon kai. Jikokin kuwa lemon kwalba ne ya dame su. Na zauna na yi tunani, na ga idan Gwaggo ta tsallaka iyaka da wannan abin a kanta, ya tafi ke nan.

Lokacin ina shekara ta biyu a ajin manya. Kwana uku a mako, bayan la'asar, muna zama a makarantar firamaren unguwarmu, a kan bencin da gwiwarmu ba ta shiga ƙarƙashinsa. Na iya rubuta magana idan ba a yi sauri ba. Da farkon damina na saka littafina da fensir a aljihu na hau motar Nguru.

Gwaggo ba ta ji daɗin ganin littafin ba. Ta ce gahawa a hanci take da hannu, takarda ba ta san ƙamshi ba. Na ce haka ne, amma takarda ba ta mantuwa, ni kuwa ina yi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce sau ɗaya za ta faɗa, in kama abin da na kama. Babu 'ya'yan gahawa a gidan ranar, balle ta nuna mini da ido. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana faɗa, ni kuma na ɗora littafin a cinya ina bin ta.

Wanda ya koyi rubutu da girma ya san yadda abin yake. Idan hannu yana aiki, kunne sauti kawai yake ɗauka. Kana neman harafin da zai biyo baya, ba ka da sararin tsayawa ka ji ma'ana. Ga abin da na rubuta a ranar, har yanzu shafin yana nan:

Gahawa gwangwanin madara huɗu. A soya a kasko, wuta kaɗan, ana juyawa, har ta yi kalar busasshen dabino ta fara ƙara. A juye a faifai a sheƙe ɓawon. Kanumfari ƙwaya goma sha biyar. Kimba uku, a gasa, a cire 'ya'yan. Kirfa tsawon ɗan yatsa. Goruba biyu, a kankare naman. A daka tare tun da ɗumi. A tankaɗe. Ba a saka sukari. A zuba a busasshiyar tukunyar ƙasa a rufe. Sai citta.

Tana faɗin kalmar ƙarshe maƙwabta suka yi sallama, zance ya koma wani wuri. Hadari kuma ya haɗo daga gabas. Na yi mata sallama na nufi tasha, ina jin kaina kamar wanda ya ɗauko kaya mai nauyi ya sauke lafiya.

Sai da na yi mako biyu kafin in samu ɗanyar gahawa, wurin wani mai kayan yaji da ake kawo masa daga Maiduguri. Kafin nan muryar Gwaggo ta fita daga kunnena, saura takarda. Na bi ta layi bayan layi. Da na zo ƙarshe na karanta: sai citta. Na ce to, bayan an zuba a tukunya sai a kawo citta a ƙara. Na yi mamakin yadda ta faɗi ma'aunin komai ta bar wannan, amma na ɗauka sallamar maƙwabta ce ta katse ta. Na daka busasshiyar citta ludayi ɗaya na zuba na gauraya. Washegari da safe na dafa a tebur.

Akwai wani dattijon direba da ya girme ni, mutumin unguwar su Gwaggo ne, ya sha gahawarta a sunan 'ya'yansa. Shi na fara miƙa wa. Ya kurɓa, ya runtse ido, ya yi tari.

"Wannan ba gahawar gwaggonka ba ce," in ji shi. "Maganin mura ne."

Sauran direbobin suka yi dariya. Ya ƙara da cewa mu Badawa kifi muka sani, ina ruwanmu da gahawa. Na ce masa kifin namu dai shi ne kullum a bayan motarsa, har kujerun sun koyi warinsa. Aka sake yin dariya, amma sunan ya zauna. Duk wanda ya zo tebur sai ya tambaya ko akwai maganin mura yau. Na sha da kaina bayan sun tashi. Gaskiya ya faɗa. Cittar ta hau kan komai, ƙarƙashinta kuma akwai ɗanɗanon hayaƙi mai kaifi.

Na rage cittar zuwa rabin ludayi. Bai yi ba. Na gwada ɗanya a maimakon busasshiya, garin ya yi danshi ya dunƙule. Sai na tuna ai citta iri biyu ce, akwai mai yatsu akwai mai ƙwaya, wataƙila mai ƙwaya take nufi. Wannan karon dattijon bai ko haɗiye ba, ya juya gefe ya zubar, ya ce in ji tsoron Allah.

Na buga waya Nguru. Gwaggo ba ta jin waya, sai dai matar ɗanta ta riƙe ta riƙa ɗaga murya. Ita kuma Hausarta da karin Barbarci take fita, tawa da na Badanci, ga ƙarar ruwan sama a kan kwano. Na ce ta tambayar mini maganar citta. Na ji ta tana ƙwala tambayar, na ji Gwaggo ta amsa daga nesa. Ta dawo ta ce mini Gwaggo ta ce in babu citta babu gahawa. Na ce to, guda nawa? Ta sake tambaya. Wannan karon na jiyo faɗan Gwaggo da kunnena, ko da yake ban rarrabe kalmomin ba.

"Ta ce citta kuma guda nawa ce a duniya? Ai ɗaya ce. Ta ce wai ko karatun naka bai kai nan ba."

Na yi godiya. Na je na zaɓi yatsan citta guda ɗaya, madaidaici, na daka.

A gida matata ta fara magana. Turmi ɗaya muke da shi na kayan miya, ta ce yanzu ko kuka ta kaɗa sai ta ji gahawa a ciki. Ta fito da wani tsohon ƙaramin turmi daga bayan ɗaki ta wanke ta ba ni, ta ce wannan nawa ne ni da gwaggona. Ba ta hana ni ba. Wani lokaci ma ita take riƙe mini rariya. Sai dai takan tuna mini cewa gero ya fara fitar da kai, kada in manta da maganar kaka.

Duk gwajin da na yi ina rubutawa a bayan littafin, abin da na saka da abin da aka ce. A nan na koyi wasu abubuwa da ba a faɗa mini ba. Wutar gawayi da ta fara yin toka ta fi wutar itace, don ba ta lasar kasko. Idan hannu ya tsaya da juyi ko na ɗan lokaci ne, wasu ƙwayoyin za su ƙone, kuma ƙwaya biyar ƙonannu sun isa su ɓata gwangwani huɗu. 'Ya'yan kimba ɗaci gare su marar daɗi, ƙamshin a ƙwanson yake. Goruba kuma sai wadda ta nuna ta yi ja sosai, ita ce take kawo zaƙin nan na baya. Komai ya gyaru, amma ɗanɗanon bai zama nata ba.

Sau ɗaya na kusa ganewa ban gane ba. Na haɗa gari sai zazzaɓi ya kwantar da ni, ban fita tebur ba kusan mako. Da na tashi na dafa daga wannan tukunyar, dattijon ya kurɓa ya ce yau na ɗan matso. Na rubuta a littafi cewa rage cittar ne ya taimaka.

Ranar wata Laraba muna aji, malaminmu ya ce yau sunayen kwanaki za mu rubuta. Saurayi ne, sa'an ɗana na fari, Baba yake ce wa kowannenmu. Ya rubuta a allo: shekaranjiya, jiya, yau, gobe, jibi, gata. Ya juyo ya tambaya ko akwai wanda ya san abin da ke bin gata. Mu a nan da yarenmu muka tashi, Hausarmu ta kasuwa ce da tasha. Idan an wuce jibi sai mu ce kwana uku, kwana huɗu. Wani tela da ke zama a baya, wanda iyayensa mutanen Kano ne, ya faɗa. Malam ya ce daidai, ya rubuta.

Na sunkuya ina kwafa. Ban ɗaga kai sau biyu ba, don hannuna ya riga ya san kalmar, ya rubuta ta a bayan littafin nan ya fi sau ashirin. Da na gama sai na tsaya ina kallon haruffan nan biyar. Na buɗe shafin Gwaggo na ajiye yatsa a kan layin ƙarshe. A zuba a tukunya a rufe. Sai citta.

Na ɗaga hannu na ce Malam ya faɗa mini cittar kwanaki, sannan ya faɗi cittar miya. Ya faɗe su a jere. Akwai bambanci a yadda murya take hawa da sauka, ɗan kaɗan, amma yana nan. Na tambaye shi ina bambancin yake a rubuce. Ya ce babu, Baba, rubutunmu ba ya nuna wannan, sai dai mai karatu ya gane daga abin da ke gaba da baya.

Sai na tuna Gwaggo ba a tasha ta koyi Hausa ba. A Nguru ta koye ta, a bakin fataken Kano, tun zamanin da jirgin ƙasa yake cika garin da baƙi. Ita har yanzu da gata da citta take ƙirga kwana. Ba wani abu ta ce in ƙara ba. Cewa ta yi in rufe tukunya in rabu da ita har kwana huɗu.

Dariya ta kama ni a tsakiyar aji, ban iya riƙe ta ba. Dole na ba su labari. Telan ya ce ashe wata biyu ina shayar da direbobi ranar da ba ta zo ba. Malam ya ce in zo allo in rubuta jimla biyu, kowace da tata cittar. Na je na rubuta, kuma ban yi kuskure ko ɗaya ba.

Washegari Alhamis, bayan na tashi daga tebur da hantsi, na hura gawayi na jira ya yi toka. Na soya, na sheƙe, na gasa kimba na cire 'ya'yan, na kankare goruba. Na wanke ƙaramin turmin sau uku na shanya shi don kada warin tsohuwar citta ya rage. Na daka tun da ɗumi, matata ta tankaɗe. Na zuba a tukunya, na ɗaure bakin da tsumma mai tsabta, na kifa faifai a kai, na ajiye a lungun ɗaki.

Jiran ya fi suyar wuya. Juma'a na wuce ta gefen tukunyar ban taɓa ba. Asabar na tsuguna na kai hanci kusa da tsumman, matata ta gan ni ta ce yau jibi ne, in tashi. Ranar Lahadi labari ya zo daga Nguru cewa 'yar Gwaggo ta iso, za su tafi cikin makon.

Litinin da safe na kwance tsumman. Ban san yadda zan faɗi abin da na ji ba sai dai in ce hayaƙin nan mai kaifi ya tafi. Da, idan na shinshina, ina iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ga kanumfari, ga kimba, ga kirfa. Yanzu ba na iya raba su. Gahawa ce a gaba, sauran suna bayanta, babu wanda ya ɗaga murya. Ban dafa ba. Na mayar da tsumman na ɗaure, na rungumi tukunyar na nufi tasha.

Motar dattijon ce a kan layi. Ya ba ni gaba. Muna wuce Jajimaji ya fara jan hanci, ya tambayi abin da ke cinyata. Na ce na mai shi ne. Ya ce in ba shi ko ɗan tsunkule ya ɗora a harshe. Na ce sai mai shi ta gani. Gonaki hagu da dama an yanke gero, an jera dammuna a rana.

Na tarar da tsakar gidan cike da ƙunshin kaya. Gwaggo tana zaune a tabarma ana nuna mata abin da za a ɗauka da abin da za a bari. Bayan mun gaisa na ajiye tukunyar a gabanta. Ta kwance da kanta, hannun yana rawa, ba ta yarda a taya ta ba. Ta sunkuya ta daɗe. Sannan ta ce wa matar ɗanta ta kwance ƙunshin da ƙaramar butarta take ciki, da finjalai. Ta ce ruwa ya tafasa tukuna a sauke, a zuba garin, a mayar kan wuta ya taso sau ɗaya kawai. Wannan ban da shi a littafi. Na ciro fensir, amma a wannan karon sai da na saurara na fahimta sannan na rubuta.

Ta riƙe finjalin da hannu biyu. Ta kurɓa.

"Kwana nawa?" ta tambaya.

Na matsa kusa da kunnenta. "Yau citta, Gwaggo."

Ta gyaɗa kai. Ta sake kurɓa, ta ce kimbar ta ɗan wuce wuta, gaba in ɗauke ta da zarar ta fara kumbura. Ta shanye ta miƙa finjalin a ƙara mata. 'Yarta ta ce rabon da ta sha biyu a jere tun mahaifinsu yana raye.

Sai a lokacin na ba ta labarin wata biyun. Dole in riƙa ɗaga murya, saboda haka har maƙwabta sun ji ta katanga. Da na zo kan yatsan citta guda ɗaya da na zaɓa, ta yi dariya har ta ƙware, sai da aka ba ta ruwa. Ta nuna matar ɗanta ta ce ita ce rabin laifin. Ita kuma ta ce ai abin da aka ce mata ta faɗa.

Matan unguwa suka shigo jin abin da ake wa dariya, ƙamshin ya tsayar da su. Aka sake ɗora buta. Gwaggo ta sa aka juye sauran garin a gwangwaninta, ta ce kada a haɗa shi da tufafi, tufafi suna satar ƙamshi. Daga nan ta dubi matan ta nuna ni da haɓa.

"Ga ɗan ƙanena nan. Mai suna da mai biki, ku aika Gashuwa. Ku dai aika da wuri, ba ya buɗewa sai ya cika kwanansa."

Ina shirin fita wata daga cikinsu ta koma gida da sauri ta dawo da ɗanyar gahawa a ƙulle a gefen zane. 'Yarta ce ta haihu shekaranjiya, suna ranar Asabar. Na karɓa na zuba a tukunyar da ta zama wayam. Na ƙirga da yatsa a hanya, na ga babu ranar ɓatawa. Washegari Talata, ina tashi daga tebur, na hura gawayi.